Gamma Ba Ta Tafi Da Talabijin Mai Ƙeya Ba: Martani Ga Mai Cewa A Daina Koyon Ta

Wani rubutu ya fito kwanan baya a ɗaya daga cikin mujallun da ke bibiyar harkar fim, inda marubucin, wanda daga jin alƙalaminsa ka san ya daɗe a sana'ar, ya shawarci matasa masu ɗaukar bidiyo da masu editin da su daina wahalar da kansu kan batun gamma. Rubutun ya samu karɓuwa a wajen yaran da ke koyon aiki, kuma ba abin mamaki ba ne, domin duk ɗalibin da aka ce masa darasi mai wuya ba dole ba ne zai ji sanyi a ransa. Wannan karɓuwar ce ta sa na ga bai kamata a bar maganar ta wuce haka ba.

Bari in fara kawo hujjojinsa yadda ya kawo su, ba ragi ba ƙari. Marubucin, wanda zan kira Malam, ya ce gamma faci ce da injiniyoyin farko suka yi wa talabijin mai ƙeya. Kwalbar da ke cikin irin wannan talabijin ba ta fitar da haske daidai da ƙarfin siginar da aka ba ta, shi ya sa aka tilasta wa kyamara ta lanƙwasa siginar zuwa ɗaya gefen domin a rama. Yanzu kuwa, in ji shi, kwalbar ta zama tarihi, kowa yana kallo a talabijin na bango ko waya ko kwamfuta, sensar kyamara kuma tana auna haske kai tsaye, to me za a yi da faci bayan rigar ta ƙare? Ya ƙara da cewa duk mai kyamarar zamani ya sa ta a kan log, in ya zo editin ya ɗora LUT, shi ke nan, manhaja ta yi masa lissafin. Ya ce ga HDR nan ma ta iso, ita za ta binne ragowar tsohon tsarin. Ya rufe da cewa ido shi ne alƙali, abin da ya yi maka kyau a allonka ya yi kyau, kuma lokacin da yaro zai ɓata a kan lanƙwasa da lambobi gara ya ɓata shi a kan koyon labari da tsara fitowa.

Akwai gaskiya a cikin maganarsa, ba zan ɓoye ta ba. Kwalbar talabijin ta da ba ta tafiya kai tsaye. In ka ba ta rabin ƙarfin sigina, hasken da za ta ba ka ba zai kai kashi 20 cikin 100 ba. A lissafi ana cewa hasken yana bin siginar da aka ɗaga zuwa ƙarfi na 2.4 ko kusa da haka, kuma wannan lambar ce gamma. Gaskiya ne tsarin talabijin mai launi na NTSC da Amurka ta amince da shi a 1953 ya tanadi kyamara ta yi gyaran da ya dace da gamma 2.2. Na kuma yarda da shi ɗari bisa ɗari cewa labari ne ƙashin bayan fim, hoto mai kyau ba ya ceton labarin da ba shi da kai ba shi da ƙafa. Iyakar inda muka yi tarayya ke nan.

Malam ya ɗauki yadda abu ya fara a matsayin dalilin da ya sa ya ɗore, alhali dalilin ɗorewar gamma yana cikin idon ɗan Adam. Ka shiga ɗaki a daren da babu wuta ka kunna kyandir ɗaya, sannan ka ƙara na biyu, nan take za ka ga ɗakin ya canza. To kunna guda 20, sannan ka ƙara ɗaya. Hasken da ya ƙaru daidai yake da wanda kyandir na biyu ya kawo, amma da wuya ka lura an ƙara komai. Ido ba ya ƙirga yawan haske, abin da yake lura da shi shi ne girman ƙarin idan aka gwada shi da hasken da ke nan tun farko. Ernst Weber da Gustav Fechner sun yi bayanin wannan a Jamus tun ƙarni na 19, kafin a san wani abu wai shi talabijin. A yanayi mai kyau ido yana iya rabe haske biyu da bambancinsu ya kai kusan kashi 1 cikin 100, ko a wuri mai duhu-duhu ko a wuri mai haske. Shi ya sa katin toka da masu kyamara ke aunawa da shi, wanda kashi 18 cikin 100 kawai na hasken da ya faɗa masa yake mayarwa, ido yake ganinsa a tsakiya tsakanin baƙi da fari. Ma'aunin L* da hukumar CIE ta fitar a 1976 ya sa wannan tokar a kusan 50 cikin 100. Kwalbar wane talabijin ce ta haddasa wannan?

Yanzu mu zo inda maganar ta shafi fayil ɗin da ke cikin katin kyamararka. Mafi yawan bidiyon da muke kallo bit 8 ne, ma'ana lambobi 256 kawai ake da su don rubuta kowane mataki na haske daga baƙi wuluk zuwa fari fat, kuma a tsarin talabijin ma daga 16 zuwa 235 ake amfani da su. 'Yan sana'a suna auna haske da sitof, wato duk sanda haske ya ninka sau biyu an hau sitof ɗaya. A ce mun bi shawarar Malam mun yar da gamma, mun raba lambobin nan kai tsaye yadda sensa ke gani. Sitof na can sama, daga rabin haske zuwa cikakken fari, shi kaɗai zai cinye lambobi 128. Na ƙasa da shi ya samu 64, na gaba 32, sai 16, sai 8, sitof na shida kuwa lambobi 4 kacal. Rabin dukiyar ta tafi wajen rabe fari da wani farin da ido ba zai taɓa bambanta su ba, an bar inuwa, inda ido ya fi kaifi, da abin da bai taka kara ya karya ba. In ka raba lambobin da gamma 2.2, sitof na sama zai samu kusan 69, na biyu 50, na uku 37, na huɗu 27, na biyar 20, na shida 14. Lambobin ba su ƙaru ba, wurin da aka kai su ne ya canza. Wannan rabon shi ne aikin gamma, kuma babu ruwansa da irin allon da za a kalli hoton a kai.

Charles Poynton, injiniyan bidiyo ɗan Kanada wanda ya daɗe yana faɗa da wannan kuskuren fahimta, har da wata maƙala da ya gabatar a 1998 kan wanke sunan gamma, ya yi lissafin da kowa zai iya maimaitawa da kalkuleta. In kana so ka rubuta haske daga wani mataki zuwa ninkinsa 100 ba tare da ido ya ga tsalle ba, rubutu kai tsaye yana buƙatar lambobi kusan 9,900. In ka bi yadda ido ke gani, kowace lamba ta ɗara ta baya da kashi 1 cikin 100, kusan 460 sun ishe ka. A ƙasar da muke sayen data da guminmu, muke tura fim ta WhatsApp da YouTube, wa zai ce wannan tsimi abin yarwa ne?

Abin da ya ruɗi Malam, kuma ya ruɗi mutane da yawa kafin shi, wata dacewa ce. Lanƙwasar kwalbar talabijin ta zo kusan daidai da kishiyar lanƙwasar ido. Da injiniyoyi suka sa gyaran a cikin kyamara, sun huta da sa shi a cikin kowane talabijin na kowane gida, sannan suka samu wata ribar a kai, siginar da ke tafiya ta iska ta zama an rubuta ta yadda ido ke gani. Yashi-yashin da eriya ke kwasowa a hanya sai ya bazu daidai wa daida a idon mai kallo, bai taru a wurare masu duhu ya ɓata su ba. Da a ce kwalbar tana tafiya kai tsaye, da sai an ƙirƙiro gamma an sa mata da hannu.

Kuma hakan aka yi da allon zamani ya zo. Malam ya ce talabijin na bango ba ya buƙatar gamma. To me ya sa kowanne yake da ita? Allon LCD ba ya tafiya kai tsaye, ɗabi'arsa ta asali wata lanƙwasa ce daban mai siffar harafin S, kuma a cikinsa akwai na'urar da ke gyara ta domin ta yi koyi da gamma. Na'urar haska hoto ta DLP, wadda ita ɗabi'arta kai tsaye ce, sai da aka sa mata jadawalin da zai fassara siginar gamma kafin ta haska komai. Kamfanonin HP da Microsoft sun fito da sRGB a 1996, mai gamma kusan 2.2, kuma har gobe shi ne tushen hotunan intanet da na waya. Babbar hujjar ma ita ce wannan: tsarin Rec. 709 na talabijin mai tsabta, wanda aka amince da shi a 1990, ya fayyace lanƙwasar kyamara amma bai fayyace ta allo ba, saboda a lokacin kowane ɗakin aiki kwalba yake da ita, kuma kwalba ba ta buƙatar a gaya mata ɗabi'arta. Sai da kwalba ta fara ɓacewa, kowane kamfani yana yin allonsa yadda ya ga dama, sannan hukumar ITU ta zauna a 2011 ta fitar da BT.1886, ta ce gammar allon aiki 2.4 ce. In gamma ta mutu tare da kwalba, me ya kai hukumar duniya rubuta mata doka a daidai lokacin da ake kwashe kwalaben daga ɗakunan aiki?

Akwai wani ɓangaren da Malam bai taɓo ba ko kaɗan. Gammar kyamara da ta allo ba sa soke juna ƙwaf da ƙwaf, kuma da gangan aka yi haka. Idan ka haɗa lanƙwasar Rec. 709 da allo mai 2.4, abin da ke fitowa ya ɗan fi ainihin wurin da aka ɗauka kaifin bambanci tsakanin haske da duhu, kusan 1.2. Dalili shi ne idan kewayen allo yana da duhu, ido yana ganin hoton ya yi laushi, baƙinsa bai yi baƙi sosai ba. Bartleson da Breneman na kamfanin Kodak sun auna wannan a 1967. Shi ya sa allon ofis mai haske yake kan 2.2, ɗakin editin mai duhu-duhu yake kan 2.4, silima da ake kashe fitilu gaba ɗaya take kan 2.6. Edita da ya gyara fim a ɗaki mai labule, alhali masu kallonsa a waya za su kalla suna zaune a bakin shago da rana tsaka, ya kamata ya san cewa inuwar da yake gani sarai a wurinsa za ta toshe a wurinsu. Ta ina zai san wannan in an ce masa gamma tarihi ce?

Abin da ya fi damu na a rubutun Malam shi ne mu ne za mu fi kowa asara in aka bi shawararsa. Ka dubi abin da mai ɗaukar biki a Kano ko Zariya ko Maraɗi yake fuskanta kowace Asabar. An ɗaura aure da hantsi, rana ta buɗe. Ango yana sanye da babbar riga ta farar shadda, an yi mata aiki da farin zare a wuya da ƙirji. Yana tsaye a bakin rumfa, kafaɗarsa da hannun rigar suna cikin rana, fuskarsa tana cikin inuwa, ga hula ta ƙara mata wata inuwar a goshi. Farar shadda tana mayar da mafi yawan hasken da ya same ta, fatar da yawa daga cikinmu kuwa tana mayar da ƙasa da abin da katin toka ke mayarwa. Ka haɗa wannan da bambancin rana da inuwa, tazarar da ke tsakanin rigar da fuskar tana kai wa sitof 5 ko 6 cikin sauƙi. Koma kan lissafin da muka yi a sama. Fuskar angon nan tana zaune ne a daidai inda rubutu kai tsaye ya ba da lambobi 8 ko 4, gamma kuma ta ba da 20 ko 14. Murmushinsa, ƙyallin gumi a kumatunsa, layin gemunsa, duk a cikin waɗannan 'yan lambobin suke. Uwarsa ba aikin zaren ta biya kuɗi ta gani ba, amma shi ma angon da ya kashe kuɗi a wajen maɗinki ba zai so rigarsa ta fito kamar farar takarda ba.

Mai kyamarar da ya san lanƙwasarsa ya san cewa a Rec. 709 katin toka yana zama a kusan 41 cikin 100, kuma daga nan zuwa inda fari ke ƙonewa sitof biyu da rabi ne kawai. Ya san cewa in ya buɗe don fuska, riga za ta ƙone, in ya rufe don riga, fuska za ta nutse. Don haka zai nemi mafita da sani: ya matsar da angon gaba ɗaya cikin inuwa, ko ya sa yaro ya riƙe farin allo ya mayar da haske kan fuskar, ko ya shiga saitin kyamara ya taɓa wurin da ake kira gwiwa, inda lanƙwasar ke karyewa ta kwanta a can sama don ta matse fari mai yawa cikin 'yan lambobi, ko ya ɗaga gammar baƙi don inuwa ta buɗe. Wanda bai sani ba kuwa zai bi abin da ya ji a darussan bidiyo na ƙasashen waje, cewa a sa zebira, wato ratsin da kyamara ke nuna matakin haske da shi, a 70 a buɗe har ta fito a kan fuska. Wannan ƙa'ida don farar fata aka yi ta. Ka yi amfani da ita a kan angonmu, fuskarsa za ta yi fari-fari kamar ba shi ba, rigar kuwa ta riga ta tafi. Ba yau aka fara wannan ba, shekaru da yawa ɗakunan wanke hoto suna daidaita injinansu da katunan Kodak da aka fi sani da katunan Shirley, masu ɗauke da hoton farar mace. Kayan aikin da ba a auna su da fatarmu ba sun fi buƙatar mu san cikinsu, tun da saitin da suka zo da shi ba lalle ya yi mana daidai ba.

Sai batun log, wanda Malam ya kawo a matsayin abin da ya maye gurbin gamma. Log ita ma lanƙwasa ce, 'yar gida ɗaya da gamma, aikinsu ɗaya, raba lambobi a kan matakan haske. Bambancin shi ne log tana ba kowane sitof kusan rabo ɗaya, domin ta kwaso tazara mai faɗi, kuma ba don kallo aka yi ta ba, don gyara ne, shi ya sa hotonta yake fitowa fari-fari ba armashi. Ba sabuwa ba ce ma, Kodak ta yi amfani da ita a tsarin Cineon a farkon shekarun 1990 don mayar da fim na silima cikin kwamfuta da bit 10. Kuma ba guda ɗaya ba ce. A S-Log2 ta Sony katin toka yana zama a kusan 32, a S-Log3 a 41, a V-Log ta Panasonic a 42, a Log C ta ARRI a kusan 39. Yaron da aka ce masa "sa log kawai" zai duba allon kyamara ya ga hoto ya yi duhu ko ya yi fari, ya gyara da ido, ya ajiye fuskar a inda ba wurinta ba. Da me zai gane ya yi kuskure?

Ga kuma abin da ba a gaya wa yaran. Da yawa daga cikin kyamarorin da ke hannun masu ɗaukar biki da ƙananan fina-finai, irin su Sony a7 III da a6400, bit 8 suke rubutawa a cikin kati ko da an sa su a log. A S-Log3 mai bit 8, sitof ɗin da ke kusa da katin toka yana samun ƙasa da lambobi 20. A Rec. 709 sitof na ƙasa da toka yana samun kusan 30, na sama da ita kusan 41. Ma'ana ka sayi filin sama da kuɗin fuska. In ka zo editin ka ja hoton don ya dawo daidai, 'yan lambobin nan za su buɗe, sararin sama ya fito ratsi-ratsi kamar matakala, bangon ɗaki ya yi taswira, inuwar fuska ta cika da yashi. A bit 10 wannan sitof ɗin yana samun sama da 70, matsalar ta ragu ƙwarai. Don haka log tana da ranarta: hawan sallah da rana tsaka, doki da mahayi cikin farin rawani da inuwar bishiya duk a hoto ɗaya, da kyamara mai bit 10, nan log ta cancanta. Hira a cikin ɗaki da fitilun da kai ka jera, da kyamara mai bit 8, me log za ta ƙara maka in ba wahala ba? Wanda zai iya rabe waɗannan ranaku biyu shi ne wanda ya fahimci abin da Malam ya ce a daina koyo.

LUT kuwa jadawali ne kawai, in lamba kaza ta shigo, fitar da lamba kaza. Ba ya ganin hoto, bai san wace kyamara ce ta ɗauka ba. An gina shi a kan sharaɗin cewa abin da zai shigo yana kan wata lanƙwasa takamaimai, kuma an ba shi hasken da ya dace. Ka ɗora LUT ɗin S-Log3 a kan hoton S-Log2, ko ka ɗora shi a kan hoton da manhaja ta riga ta mayar Rec. 709, zai yi aikinsa ba tare da ya yi maka gargaɗi ba, sakamakon kuma kai za ka kwasa.

Maganar HDR ma hujja ce a kan Malam. Tsarin PQ, wanda kamfanin Dolby ya ƙirƙiro, ƙungiyar SMPTE ta mayar da shi ƙa'ida a 2014 da sunan ST 2084, lanƙwasa ce da aka zana kacokan daga binciken yadda ido ke rabe haske, daga duhu har zuwa nit 10,000 (nit ma'aunin hasken allo ne), alhali farin talabijin na da a kan nit 100 ake daidaita shi. Babu kwalbar da ake yi wa gyara a nan. An samu damar fara komai daga tushe, aka sake zaɓar lanƙwasa mai bin ido. HLG kuwa, wadda BBC ta Birtaniya da NHK ta Japan suka haɗa, rabinta na ƙasa gamma ce, na sama log, sunanta ma abin da yake faɗa ke nan. ITU ta haɗa su biyun a BT.2100 a 2016. A da lanƙwasa ɗaya edita yake fama da ita, yau ga 709, ga sRGB, ga log iri-iri, ga PQ, ga HLG. Tun daga iPhone 12 a 2020 wayoyin Apple suke ɗaukar bidiyon HDR, don haka ƙanwar amarya za ta turo maka abin da ta ɗauka a wajen kamu ta ce a saka a cikin fim ɗin biki, ka ɗora shi kusa da na kyamararka, ka ga fuskoki sun ƙone ko launi ya koɗe. Wayar lafiyarta ƙalau, manhajar ma haka. An karanta hoton da lanƙwasar da ba da ita aka rubuta shi ba. Wanda ya sani zai gyara cikin minti ɗaya ta hanyar gaya wa manhaja irin fayil ɗin, wanda bai sani ba zai kwana yana jan haske sama da ƙasa.

Saura maganar cewa ido ne alƙali. Na yarda, amma ido yana yanke hukunci ne a kan abin da allo ya nuna masa, allon kuma wa ya daidaita shi? Har zuwa 2009 kwamfutocin Mac suna kan gamma 1.8 ne, na Windows suna kan 2.2, hoto ɗaya ya fito da fuska biyu. Har yanzu editoci a duniya suna kokawa kan yadda bidiyon da suka gyara yake fitowa da ɗan fari-fari a wasu manhajojin kallo, saboda kowace tana fassara alamar Rec. 709 da ke jikin fayil yadda ta fahimta. Talabijin ɗin da aka saya a kasuwa yakan zo a saitin da aka yi don ya ƙyalla a shago ya ja hankalin mai saye. In a kan irin wannan ka gyara fim, ka rage haske don ya yi maka daidai, to a allon da ke kan ƙa'ida fim ɗinka duhu zai yi. Ido kuma yana sabawa, minti kaɗan ya ishe shi ya karɓi hoto mai kore-kore a matsayin daidai. Shi ya sa kowace manhajar editin ta kirki take da ma'aunin da ke zana hasken hoto daga 0 zuwa 100, kuma lambobin da ke jikin ma'aunin nan ba sa nufin komai sai ka san lanƙwasar da kake kai. Lamba 41 tokar tsakiya ce a Rec. 709, a S-Log2 kuwa hoton da aka ba haske fiye da kima ne.

Har cikin aikin haɗa hoto abin yana bin mu. Lamba 128 ita ce kusan rabin 255, amma a gamma 2.2 hasken da take bayarwa kusan kashi 22 cikin 100 ne, rabin haske na gaskiya yana wajen 186. Shi ya sa idan manhaja ta narkar da hoto cikin wani, ko ta rage girman hoto mai ƙananan ratsin fari da baƙi, ba tare da ta warware gamma tukuna ba, tsakiyar takan yi duhu fiye da yadda ya kamata. Masu haɗa hoton kwamfuta da na kyamara suna komawa lissafi kai tsaye su yi aikinsu, sannan su mayar da gamma. Ko wanda zai yi aiki ba gamma sai ya san ta kafin ya cire ta.

Game da cewa gara yaro ya koyi labari, ban ga inda ɗaya ya hana ɗaya ba. Tun daga Turmin Danya a 1990 masana'antar fim ta Hausa take koyon sana'a a bakin aiki, daga kaset zuwa faifai zuwa intanet, kuma yau fim ɗinmu yana zama kusa da na Indiya da na Koriya a waya ɗaya, mai kallo yana gwada su ko bai faɗa ba. Ba na cewa kowane mai kyamara ya haddace lissafin Rec. 709. Abin da nake cewa, kuma ina nan a kai, shi ne duk wanda zai karɓi kuɗin mutane ya ɗauki fuskokinsu dole ya san lanƙwasar da kyamararsa ke rubutawa da ita, ya san inda toka da fari suke zama a kanta, ya san bit nawa yake da shi, ya kuma san lanƙwasar allon da za a kalli aikin a kai. Wannan ba karatun shekara ba ne.

Ina roƙon Malam, da girmamawa, ya tara yaran da ke koyo a hannunsa wata rana da hantsi. A samu katin toka, a samu farar shadda mai aiki, a tsayar da ɗaya daga cikinsu a bakin inuwa. A ɗauka sau uku: a Rec. 709 yadda kyamara ta zo, a Rec. 709 da aka taɓa gwiwa aka mayar da haske kan fuska, sannan a log. A kai ɗakin editin a buɗe ma'aunin haske, a ɗora wa na log ɗin LUT ɗinsa, sannan a ɗora masa na wata kyamarar daban. A tura sakamakon a waya a fita da ita rana a kalla, a dawo a kalla a talabijin na bango da labule a sauke. In ya yi haka, ina so ya rubuto mana abin da yaran suka gani da tambayoyin da suka yi masa.